Takardata Tana Salatiga

Litinin, 4 ga Satumba, 6:40 na safe

Na jera ambulan masu ruwan ƙasa a kan katifa. Kowanne da wasiƙar neman aiki, hoto mai shuɗin bango, takardar 'yan sanda mai shaida ban taɓa sata ba, da kwafin takardar makaranta. Kwafi dai. Asalin tana can garin Salatiga.

Mbak Yayuk yayata ce (Mbak kamar Yaya ne a wurinmu, ana kuma ce wa kowace mace haka don girmamawa), kuma tun da na dawo Semarang a ɗakin ɗinkinta nake kwana, tsakanin keke da buhunan ƙyalle. Ita ta goge min farar riga da baƙin siket tun da asuba. Wai na fita takaba wata guda da ɗoriya, zaman ya isa haka. "Rum, bangon nan ba ya ɗaukar ma'aikata, ki daina kallonsa."

Ita ce kuma ta ba ni littafin nan, wai in rubuta amsoshin intabiyu in haddace. To ga shi ina rubutu. Amsar ce dai babu.

Duk sanarwar da na duba magana ɗaya ce: shekaru kada su wuce ashirin da takwas. Ran biyu ga Oktoba zan cika ashirin da tara. Sati huɗu ne a hannuna, daga nan na zama tsohuwa a idon kowane kamfani na garin nan.

Litinin, 4:20 na yamma

Na kai huɗu. A wuri na ƙarshe maigadi ya karɓa da hannun hagu yana cin soyayyen tempe na waken soya da dama, ya ɗora a kan tarin da ya kai gwiwata. Na ga maiƙo ya fito a jikin ambulan ɗina. Har na ce masa na gode.

Laraba, 6 ga Satumba, bayan La'asar

Mbak ta sa tabaran ɗinkinta a kan hanci, ta harɗe ƙafa, wai ita ce shugabar ɗaukar ma'aikata.

"Shigo. A'a, koma. Wa ya ce ki shigo kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya? Ɗago kai."

Na koma na sake shigowa.

"Suna?"

"Ningrum, Bu," na ce, yadda ake girmama babbar mace.

"Wane aiki kika iya, ban da barci da rana?"

Na yi dariya, rabon da in yi har na manta. Na ce shekara shida ina tsara fitar motoci a gidan burodi. Ni ke rubuta allo kowace asuba: wane direba, wace mota, wace hanya. Motoci bakwai, shaguna fiye da ɗari, daga Salatiga zuwa Ambarawa da Ungaran.

"Madalla. Me ya sa kika bar aikin?"

Na juya ina kallon buhunan ƙyalle.

Ta cire tabaran. "Rum, za su tambaya fa. Ki ce dalilin iyali, shi ke nan. Maimaita."

Dalilin iyali. Dalilin iyali. Na rubuta shi a nan sau biyu, ko hannuna zai saba kafin bakina.

Gidan burodin na Bu Darmi ne, wadda nake kira Ibu, wato uwa. Ina da shekara ashirin da biyu na shiga wurinta, na miƙa asalin takardar makarantata kamar kowa, ta sa a akwatin ƙarfe na ofis. Haka ake yi, kada mutum ya koyi aiki ya gudu. Bayan shekara uku na auri ɗanta, Mas Danang, wanda nake ce wa Mas kawai. Wa zai je wurin surukarsa ya ce a ba shi takardarsa? Ina za ni da ita?

Juma'a, 8 ga Satumba, 2:00 na rana

Intabiyu ta farko, kamfanin kujeru. Fom ɗin yana da gurbin aure, da akwatuna huɗu. Na daɗe da biro a sama. Katin shaidata har yanzu cewa yake ina da aure, ban je an canja ba, sai na bi katin.

Mutumin ya duba ya ce, "Wani lokaci mukan kai Magariba. Maigidan zai yarda?"

Na ce, "Ba zai hana ba, Pak," wato yallaɓai.

Ya ce za su kira. Ba za su kira ba, na gani a fuskarsa.

Asabar, 9 ga Satumba, 11:00 na safe

Ban fita ba.

Talata, 12 ga Satumba, 9:00 na safe

Wasu sun ce in zo yau. Na ce ba ni da lafiya. Ba na zuwa ko'ina ran Talata, ranar da Mas ya rasu ke nan, Mbak ta sani, ta ci gaba da taka kekenta.

Alhamis, 14 ga Satumba, 5:00 na yamma

Mu takwas aka jera a ɗaki ɗaya, duk farar riga da baƙin ƙasa, sai ka ce masu raba abinci a gidan biki. Yawancinsu bana suka gama makaranta. Wata ta kira ni Bu kamar wata uwarta, ta matsa min kujera. Allah ya saka mata, amma da ta bar ni a tsaye.

Tambaya ɗaya aka zagaya da ita: faɗi wani kuskure da ka taɓa yi a wurin aiki, da abin da ka koya. Na farko ya ce kuskurensa shi ne yawan son aiki. Ta biyu ta ce ba ta iya barin abu sai ya yi daidai. Duk daga waya suka haddato, wallahi har lafazin iri ɗaya. Ina ta lissafin kujerun da suka rage kafin a zo kaina. Saura biyu na ɗaga hannu na ce zan zaga bayan gida.

Ban koma ba. Na tsinci kaina a bakin titi, ban san bas nawa suka wuce ni ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, 10:30 na safe

Burodi ya zo. Duk Juma'a yake zuwa tun da na baro can, leda ɗaya, mai kwakwa a ciki, irin wanda nake so. Ba wasiƙa, ba saƙo. Pak Wagiman ke kawowa, tsohon direban Ibu, idan ya gama raba na Ungaran. Yakan rataye a ƙyaure ya buga sau biyu ya tafi. Yau na riga shi buɗewa. Ya tsufa ƙwarai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mbak Rum, da na daure ranar nan..." Na ce masa zazzaɓi ba laifi ba ne, ya gaida gida.

Na ba maƙwabta burodin, kamar kullum. Ƙamshinsa ne ba na iyawa.

Litinin, 18 ga Satumba, bayan Azahar

An kira daga wani siton sabulu da man girki a unguwar Kaligawe. Suna neman mai tsara fitar motoci. Na ce wa Mbak ba zan je ba, kowane aiki ne zan yi ban da wannan, ko shara ce.

Ta tsayar da keke. "Masu sharar ma ashirin da biyar suke nema. Ke abu ɗaya kika iya a duniya, kuma kin fi kowa iya shi. Sati biyu suka rage miki."

"Mbak, ba ki gane ba."

"Ban gane ba? Ni ke jin ki ta bango. Kin baro gidan mutane washegarin sadakar arba'in ba ko sallama, ban ce komai ba. An yi ta kwana ɗari kin ƙi zuwa, ni na je na tsaya ina ƙaryar kina kwance. Ba korar ki nake ba, Rum, ki zauna har mu yi furfura. Amma ba zan zuba ido ki ruɓe a cikin ƙyallayena ba."

Na ce mata bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta ce ai shi ya sa ake kawo mata ɗinki. Daga baya ta kawo min shayi ta ajiye ba ta kalle ni ba.

Laraba, 20 ga Satumba, 1:15 na rana

Ina zaune a barandar wani masallaci a Kaligawe. Ban nufi tasha ba tukuna.

Mace ce ta yi min intabiyun, Bu Melani, mai gajeren gashi da saurin magana. Ta shimfiɗa taswira ta ce a ɗauka motoci biyar ne, shaguna arba'in, ruwa ya cinye hanyar bakin teku, yaya zan yi? Kafin ta rufe baki hannuna ya fara aiki. Na raba mata su cikin minti uku. Na ji daɗi, Allah ya gani na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Me ya sa na bar aikin baya? Dalilin iyali, Bu. Ya fita sumul.

Sai ta ce, "Ba ni labarin kuskure ɗaya da kika yi. Kada ki ce min kin cika son aiki, na ji wannan sau tara yau."

Ƙofa tana bayana, da nisa. Sai na ji muryata tana magana.

Na ce wata asuba direba ya kwanta zazzaɓi, ga odar biki a Ambarawa dole ta isa kafin bakwai. Na goge sunansa a allo na rubuta na wani. Wanda na rubuta ya iya tuƙi, amma a bakin tanderu ya kwana, bai runtsa ba. Na sani. Ya ce min a bar shi ya ɗan kishingiɗa ko rabin awa ne, na ce idan ya dawo ya yi barcin har Azahar.

Tana rubutu. "Asarar me aka yi?"

Na ce, "Mota ɗaya, Bu. Da burodin."

"Me kika koya?"

"Ba na sa sunan mutum a allo sai na kalli idonsa."

Ta ajiye biro ta yi murmushi. Ta ce wannan ce amsa mafi kyau da ta ji a watan nan, wai irin mutanen da suke nema ke nan, masu ɗaukar darasi. Ta miƙo min hannu.

Mas, ka ji. Amsa mai kyau.

Laraba, bayan Magariba

Mbak ta tambayi yadda aka yi. Na ce lafiya. Na ci loma biyu.

Juma'a, 22 ga Satumba, 3:00 na yamma

Sun ɗauke ni. Za a sa hannu a kwantiragi Juma'a mai zuwa, 29 ga wata, ƙarfe tara. In zo da katin shaida da asalin takardar makaranta, za su riƙe ta shekara biyu. Na ce kwafi mai hatimi fa? Bu Melani ta ce, "Asali, Mbak Ningrum. In babu, akwai mai bi miki a layi."

Mbak ta yi ta rawa da tsintsiya a tsakar gida har na gaya mata sauran maganar.

Asabar, 23 ga Satumba, 10:00 na safe

Mbak ta kira Ibu a gabana, da ladabinta na ranar Salla. Ta yi gaisuwa ta kai minti biyar kafin ta zo kan magana, ta ce ko za a ba Pak Wagiman ya taho da ita. Ina jin muryar Ibu ƙasa-ƙasa daga wayar. Kalma kaɗan ta faɗa.

"Me ta ce?"

"Ta ce mai takarda ta zo da ƙafarta."

Na sani. Na san abin da take so. So take in tsaya a gabanta a ofishin nan, ƙarƙashin allon nan, ta faɗa min abin da ta haɗiye tun Maris. Kwana arba'in na yi a gidanta bayan abin, ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Ta zuba min shinkafa, ta miƙo min ruwa, ta koma aikinta. Da ta mare ni da na zauna.

Mas yana da haƙƙi a kaina, ita ma tana da shi. Amma ba zan iya ba.

Litinin, 25 ga Satumba, 4:00 na yamma

Na je tsohuwar makarantarmu. Ba a buga takarda sau biyu. Sai dai wasiƙar madadi, ita ma sai na kawo shaidar 'yan sanda cewa ta ɓace, kuma a jira wata guda. Na je har ƙofar ofishin 'yan sandan, na tsaya ina shirya yadda zan ce ambaliya ce ta tafi da ita. Ko na yi ƙaryar ma wata guda ya wuce Juma'a. Na sayi ruwan rake na sha a tsaye na dawo.

Talata, 26 ga Satumba, 8:00 na safe

Saura kwana uku.

Laraba, 27 ga Satumba, 5:40 na asuba

Mbak ta ce ta raka ni. Na ce a'a. Ta cusa min man shafawa na ciwon kai a jaka. Zan zauna a ɓangaren hagu na bas, in rufe ido daga Bawen, don daga nan hanyar da Mas ya bi ranar ce.

Laraba, bayan Magariba

Na dawo. Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Tun daga bakin layi ƙamshin ya tare ni. Ma'aikata suka gan ni, kowa ya sami abin yi da hannunsa. Na shiga ofis. Na yi zaton zan tarar da wata sabuwa a kujerata, ashe Ibu ce da kanta ke rubuta allon yanzu, rubutun duk ya karkace. Ta sa Pak Wagiman a Ungaran da Boyolali lokaci guda, ɗaya arewa ɗaya kudu. Hannuna har ƙaiƙayi yake, na riƙe jakata da kyau.

Ta shigo da gari a gaban rigarta. Ta ragu, kamar an wanke ta ta shige. Na durƙusa na kai hannunta goshina.

"Kin rame, Nduk, 'yata. Kin karya?"

"Na karya, Ibu."

"Ƙarya kike. Zauna."

Sai da ta ga na ci rabin kwanon farfesun soto tana tsaye a kaina. Sannan na ce, "Ibu, takardar." Na kalli akwatin ƙarfen.

"Ba ta nan. Taho."

Muka ratsa tsakar gida zuwa ɗakinta. Ban kalli ƙofar ɗakinmu ba. Ta buɗe kabad, ta ɗaga zannuwanta na biki, ta zaro wata koriyar jaka. A ciki akwai takardar aurenta da marigayi Bapak, mahaifin Mas, da takardar haihuwar Mas, da katin rigakafinsa na jarirai, da sakamakonsa na firamare. Tawa tana tsakiyarsu.

"Ranar da aka ɗaura muku aure na ɗauko ta daga can," in ji ta. "Can na ma'aikata ne."

A nan ne abin ya ƙwace min. Na ce, "Ibu, ni ce na rubuta sunansa. Ya roƙe ni rabin awa..."

"Na sani. Ina tsaye a bayanki."

Na ɗago.

"Ba ki gan ni ba, kina waya da masu bikin. Ina bakin ƙofa da tire. Na ga idonsa jajir. Ni na haife shi, na san idonsa in yana jin barci tun yana goye. Kalma ɗaya zan faɗa ya koma ya kwanta. Sai na tuna masu bikin tsofaffin abokan cinikinmu ne." Ta gyara zaman takardun a cinyarta. "Na ce masa ya yi sauri."

Ana ta fitar da tire a waje.

Na ce, "Na zaci kin tsane ni."

"Wasu ranakun na tsane ki. Ba zan yi miki ƙarya ba. Wasu ranakun kaina. Mutane suna zuwa suna ce min kwana ne ya ƙare, ina cewa haka ne. Duk garin nan ke kaɗai ce kika san abin da na sani, kika tafi kika bar ni da shi."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, har da majina, a kan zanenta na biki.

Ta tambayi aikin. Na gaya mata. Ta ce sito babba ne? Na ce motoci ashirin. Ta gyaɗa kai, ta ce za su ji daɗina. Ba ta ce in dawo ba, ni ma ban ce ba. Ta sani ba zan iya tsayawa gaban allon nan ba.

Ta miƙo takardar. Na kama, ba ta saki ba. Muka riƙe ta mu biyu, ni ina tsoron kada ta yage.

"Da na ba Wagiman tun ran Asabar," ta ce. "Na san ba kyau abin da na yi. Ita kaɗai ta rage min da za ta kawo ki."

Sai ta saki.

"Je ki, kada ki rasa mota. Yanzu kuma ba abin da zai kawo ki."

Ya kamata in ce wani abu. Duk amsoshin da na haddace wata guda, ba ko ɗaya da ta dace. Na sa takardar a jaka, na sake kai hannunta goshina, na fito.

Juma'a, 29 ga Satumba, 11:00 na safe

Na sa hannu. Bu Melani ta ɗaga takardar ta duba hatimi, ta manna mata lamba, ta jefa a durowa cikin na sauran ma'aikata, ta murɗa mukulli. Kwana biyu kacal ta yi a hannuna. Zan fara Litinin, ranar da zan cika ashirin da tara. Ta ce na tsallake da ƙyar.

Juma'a, 5:30 na yamma

Burodi bai zo ba yau. Na leƙa ƙyaure sau huɗu.

Asabar, 30 ga Satumba, 2:00 na rana

Mbak ta rage min wuyan rigar aiki. Ta ce in tsaya da kyau ko ta soke ni.

Lahadi, 1 ga Oktoba, 9:25 na safe

Ina tasha. Na ce wa Mbak zan je sayen takalmi.

Ba ni da saƙo, ba ni da abin karɓa, ban san me zan ce in ta tambaye ni me ya kawo ni ba. Motar Salatiga ta uku ke nan da ta cika ta tashi ina zaune a benci. Kwandasta ya gaji da tambayata, yanzu kallona kawai yake.

Akwai ta ƙarfe goma.